ABINCIN KIFI DA BA A GANI

Darasi domin Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

Kowane Hakimi da ke da fadama a ƙasarsa ya saba jin kukan masunta cewa kifi ya ragu. Akan ɗora laifin a kan yawan masu su, ko ƙananan idanun koma. Wannan gaskiya ne, amma akwai wani dalili da ya riga su, watau sauyawar halin ruwan kansa.

1. Masu shawagi da mazauna ƙasa

In aka ɗibi ɗigon ruwan tafki aka duba da madubin likita, za a ga tsirrai da dabbobi ƙanana ƙwarai suna shawagi a ciki. Masana na kiransu filankiton. Tsirran su ne ke sa ruwa ya yi kore, kuma da hasken rana suke rayuwa, kamar dai gero a gona. Ƙananan dabbobin su ci tsirran, 'ya'yan kifi kuma su ci dabbobin. Ƙarfasa ma, ko ta girma, tana kiwon wannan koren.

A can ƙasa, cikin laka, akwai wata jama'a dabam: tsutsotsi, da dodon koɗi, da 'ya'yan ƙwari waɗanda ba su yi fiffike ba tukuna. Su ke cinye abin da ya mutu ya nutse, su kuma su zama abincin ƙurungu da tarwaɗa. In ɗayan rumbunan nan biyu ya ƙare, koma za ta fito wayam.

2. Abin da ke ɓata su

Na farko, laka. In zaizayar ƙasa ta gurɓata ruwa, haske ba ya shiga, tsirran ba sa yaɗuwa, lakar kuma ta kwanta ta binne mazauna ƙasa.

Na biyu, ƙarancin iska. Halittun ruwa na shaƙar iskar da ta narke a cikinsa, ruwa mai zafi kuwa ba ya riƙe ta da yawa. In takin zamani ya gangaro daga gonaki, koren ya yi yawa fiye da kima, ya mutu, ya ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar. Shi ya sa a bazara akan ga kifi yana haƙi a saman ruwa da asuba.

Na uku, guba. Mai zuba maganin ƙwari ko magimfa a tafki ya kashe kifin yau, ya kashe abincin na gobe.

Na huɗu, lokacin zuwan ruwa. A da, Kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadamun Ringim da Miga da Auyo. Ruwan ya jiƙa busasshiyar ciyawa da kashin shanu, filankiton ya tashi daidai lokacin da kifi ke ƙyanƙyasa. Da rani kuma hanyoyin ruwa su bushe. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, aka kuma riƙa sakin ruwa da rani. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha, amma da yake hanyoyin sun daina bushewa, sai kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanya, ta tare haske, ta tara laka. Ruwa mai kwanciya irin wannan shi ne kuma gidan dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

3. Izina daga nesa

A tsakiyar Asiya akwai Tekun Aral, wadda a 1960 faɗinta ya kai murabba'in kilomita 68,000. Aka karkatar da kogunanta biyu, Amu Darya da Sir Darya, domin noman auduga. Ruwa ya janye, gishiri ya ƙaru, filankiton da mazauna ƙasa na ruwan daɗi suka ƙare, a farkon shekarun 1980 sana'ar su ta mutu. A 2005 ƙasar Kazakistan ta gina madatsar Kokaral, ta riƙe ruwan Sir Darya a ɓangaren arewa. Gishiri ya sauka, ƙananan halittun suka dawo, kifi ya biyo su. Ashe in an gyara ruwa, kifi ba ya bukatar gayyata.

4. Abin da ake so a yi

Ana roƙon Hakimai su umarci malamansu su buɗe littafi ga kowane babban tafki, tun daga madatsar Warwade ta kusa da Dutse har zuwa fadamun bakin kogi. A rubuta ranar da ruwa ya iso da ranar da ya janye, da launinsa, da inda kacala ta kai, da ranar da aka ga matattun kifi. A riƙa tambayar Sarkin Ruwa, gama shi ya fi kowa sanin wurin. A hana zuba guba da wanke tankin feshi a tafki, a kuma haɗa gayya domin yanke kacala.

Littafin shekara guda ba zai nuna kome ba. Na shekara goma kuwa hujja ne da Hakimi zai ajiye gaban Majalisar Sarki da ma'aikatan ruwa sa'ad da ake shawarar yadda za a saki ruwan madatsa.