Borin Jini Mai Tafiya Ya Dawo: A Fara da Biro da Takarda Kafin Allura



A ɗakin da nake duba marasa lafiya, inda mutanen Kazaure da na Roni da Gwiwa da Babura ke zuwa, akwai koken da na haddace tun kafin mai shi ya gyara zama: "Likita, borin jini ya ƙi barina. Na bar ƙwai, na bar kifi, na bar wake, har nono na bari, amma jiya da daddare ya sake tasowa." Sai ya naɗe hannun riga ya nuna mini fata lafiya lau, ko tabo babu. Roƙon da ke biyo baya kuwa kullum ɗaya ne: a yi masa allura mai ƙarfi wadda za ta wanke jinin.

Abin da nake so a riƙe shi ne: idan borin jini ya daɗe yana tafiya yana dawowa, da wuya a ce abinci ne, kuma babu allurar da ke wanke shi. Abin da ke taimako shi ne lura ta tsanaki da ake rubutawa, da magani mai sauƙi da ake sha kullum, da sanin alamomin da ba a kwana da su a gida.

Me ke faruwa a cikin fata?

Allah ya zuba wasu ƙwayoyin tsaro a fatarmu, ana kiransu mast. Wani Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya fara bayaninsu a 1878. A cikinsu akwai sinadarin histamin, wanda Henry Dale da abokin aikinsa suka nuna tasirinsa a Ingila a 1910. Idan ƙwayoyin suka zubar da shi, sai ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin fata, wurin ya tashi rudu-rudu da ƙaiƙayi. Aikinsu aikin maigadi ne. A borin jini mai daɗewa, maigadin ne ke ta busa usur cikin dare alhali ba ɓarawon da ya shigo.

Ana gane shi da cewa kowane kumburi ɗaya ba ya kai awa 24. Ya tashi a cinya da safe, da la'asar ya baje, wani ya fito a baya, kuma ba ya barin tabo. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka tudun ake dubawa. Wasu kuma leɓe ko fatar ido ko hannu ke kumbura musu, wannan yakan kai kwana 2 zuwa 3 kafin ya saɓe. Ba a ɗaukarsa daga wani. A ci tare, a kwana ɗaki ɗaya, uwa ta ci gaba da shayarwa.

Ba kowane ƙaiƙayi ba ne borin jini. Idan gida duka ana susa da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, a fara zargin ƙazuwa. Idan tabon cizo ne a jere bayan an tashi barci, a ɗaga katifa a nemi kuɗin cizo. Ƙurajen zafi na bazara da ƙaiƙayin kulorokwin su ma hanyarsu daban.

Ma'aunin mako 6

Kimanin mutum 1 cikin 5 zai yi borin jini ko sau ɗaya a rayuwarsa. Mafi yawa yakan wuce cikin kwanaki. A irin wannan na ɗan lokaci akan kama dalili: mura ko zazzaɓin da yaro ya yi, magani irin su Ampiclox da Septrin, harbin zuma ko rina, ko abinci.

Idan ya wuce mako 6 yana fitowa kusan kullum, ya zama mai daɗewa. Wannan yana samun kusan mutum 1 cikin 100, kuma mata sun ninka maza. A nan lissafi ya canza. A yawancinsu daga cikin jiki abin yake, garkuwar jikin ce da kanta ke tsokanar ƙwayoyin mast. Shi ya sa za ka ga mace ta ƙaurace wa duk abin gina jiki, ta rame, ga goyo, kuma borin bai fasa ba.

Borin abinci na gaskiya ba ya ɓoye kansa. Yana zuwa cikin mintuna, iyaka awa 2 bayan an ci, kuma duk sanda aka ci sai ya zo. Idan Hajiya ta ci ƙwai ranar Litinin ba abin da ya faru, ta ci ranar Laraba jiki ya tashi, to ƙwai ba shi da laifi. Wanda kuwa gyaɗa ce da gaske ke tayar masa, sai ya tuna tana cikin ƙuli-ƙuli da yajin tsire da kilishi da kunun gyaɗa. Riɗi, kifi da fara su ma suna cikin waɗanda ake samu.

Abubuwan da suka fi tayar da shi a wajenmu

Na farko, maganin ciwon jiki. Manomi ya wuni a gona, ɗan acaɓa ya wuni a kan hanyar Kano zuwa Daura, da yamma sai kyamis: "A haɗa min na gajiya." A cikin haɗin nan da wuya a rasa ibufurofen ko dikulofenak ko asfirin. Kimanin 1 cikin 4 na masu borin jini mai daɗewa, waɗannan magunguna suna rura musu shi. Da yawa da zarar mun koma farasitamol sai abin ya ragu. Duk maganin da aka ƙulla a leda babu suna, ko na gargajiya da ba a san haɗinsa ba, ina lissafa shi cikin abin zargi.

Na biyu, sanyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan ga masu cewa bayan alwalar asuba da ruwan randa fuska da hannu ke tashi, ko bayan sun hau babur da sassafe. A asibiti mukan ɗora ƙanƙara a leda a kan damtse minti 5, mu jira minti 10. In wurin ya taso, an kama shi. Irin wannan mutum kada ya faɗa wanka a dam ɗin Kazaure ko wani kududdufi mai sanyi, domin jiki duka zai iya zubar da histamin lokaci guda ya suma a cikin ruwa.

Na uku, zafi da gumi. Wannan na samari ne galibi: ƙananan ƙuraje masu tsikari da ke fesowa bayan ƙwallo, ko noma da rana, ko wanka da ruwan zafi, ko tuwo da miya mai yaji. Sukan ɓace cikin awa guda in jiki ya huce.

Na huɗu, matsi. Inda aka ɗaure zani, inda majanyi ya zauna, kafaɗar mai ɗaukar jarka, tafin hannun mai riƙe fartanya. Wannan yana rikita mutane domin sai bayan awa 4 zuwa 6 yake kumbura, lokacin an manta da aikin. Akwai kuma wanda susa kawai ke tayar masa: a ja layi a fatarsa da bayan biro, cikin mintuna layin ya taso. A lokacin kaka, ƙaiƙayin gero kan sa irin waɗannan susa, susar ta haifar da borin.

Na biyar, wata cutar da ke zaune a jiki. Tsutsar ciki na iya jawo shi, haka tsargiya ga masu shiga ruwa a wuraren noman rani na kogin Gari da gefen dam. Ciwon hanta a farkonsa, da ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, da matsalar tayirod ta maƙogwaro, duk mukan tambaya a kansu. Damuwa, rashin barci da lokacin al'ada ba su ne tushe ba, amma suna ƙara masa ƙarfi. Ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu sukan ce lokacin jarrabawa ya fi matsa musu, kuma gaskiyarsu ne.

Littafin da nake ba kowa aiki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni minti kaɗan nake ganinka, kai kuwa kana tare da jikinka dare da rana. Don haka a nemi ƙaramin littafi, a rubuta da boko ko ajami, wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko ya ɗauki murya a waya. Kowace rana, kafin a kwanta, a rubuta:

Ƙarfe nawa ya fito, a ina, ƙarfe nawa ya baje.
Me aka ci ko aka sha cikin awa 2 kafin ya fito.
Wane magani aka sha a ranar, har da na kyamis da na gargajiya.
Wane aiki aka yi, yaya yanayin gari, da wane ruwa aka yi wanka.
Akwai zazzaɓi, ɓacin rai, rashin barci ko al'ada?

Sannan a ba ranar maki. Kumburi: 0 in babu, 1 in bai kai 20 ba, 2 in tsakanin 20 da 50 ne, 3 in ya haura 50. Ƙaiƙayi: 0 in babu, 1 in bai dame ka ba, 2 in ya dame ka amma ka yi aikinka, 3 in ya hana aiki ko barci. A haɗa na kwana 7, mafi yawa 42 ne. Da wannan ma'aunin likitocin fata a duniya ke gane ko magani yana aiki.

A ɗauki hoto da waya yayin da yake tashe, a wuri mai haske. A zagaye ɗaya da biro, a duba gobe war haka ko yana nan.

In littafin ya nuna wani abu, a cire shi kaɗai na mako 2 zuwa 3. In ba a ga bambanci ba, a mayar da shi. Kada a cire abu biyar lokaci guda, ba za a san mai laifin ba. Amma abin da ya taɓa kumbura harshe ko toshe numfashi, ba a sake gwada shi a gida.

In an cika mako 4 ana rubutu ba a kama komai ba, ba asara aka yi ba. An wanke abinci daga zargi, sai a koma cin abin da aka bari, a mai da hankali ga magani. Gwaje-gwajen da ake buƙata ba su da yawa: ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin alamar kumburi a jini, sai bahaya da fitsari in tarihin mutum ya nuna. Yawan maimaita gwajin taifod ba ya warware wannan matsala.

Maganin da ya dace

Tushen magani shi ne ƙwayar da ke tare histamin wadda ba ta cika sa barci ba, irin setirizin ko loratadin, miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sai ya taso. Kullum ake sha, ko jiki na lafiya, har sai an yi makonni shiru sannan a rage da shawarar likita. In bai isa ba bayan mako 2 zuwa 4, likita na iya ƙara shi har ninki 4. Wannan hukuncin likita ne, ba na mai kyamis ba. Da azumi sai a sha bayan buɗa baki. Yara da nasu awon, mai ciki kuma ta faɗa a wajen awo.

Piriton yana aiki, amma yana kawo gyangyaɗi. Direba, ɗan acaɓa da mai injin niƙa su yi hattara.

Sai babbar damuwata: deksametason da firednisolon, ƙwaya ko allura. Suna kwantar da borin nan take, shi ya sa ake sonsu. Likita na iya ba da su na 'yan kwanaki, kada su wuce 10, in abin ya yi tsanani. Amma mai shansu wata da watanni yana sayen kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da mutuwar garkuwar jiki. Dangin abin da ake zubawa a sha-ka-fashe ne. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke rana ɗaya, ya zo a sauke shi a hankali.

Wanda duk wannan bai yi masa ba, mukan tura shi wajen likitan fata a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Akwai allurar omalizumab da Amurka da Turai suka amince da ita don wannan ciwo a 2014, ana yin ta duk mako 4, sai dai tana da tsada ƙwarai.

A gida, a sa tufafin auduga masu sakin jiki, a yanke farce, a yi wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ba tare da dirza da soso ba. Tsumma mai sanyi yana rage ƙaiƙayi, ban da ga wanda sanyi ke tayar masa. Kada a shafa kananzir, man birki ko man bilicin. Masu cewa sammu ne ko an tsallaka wani abu, amsata gare su ita ce: a yi addu'a, a kuma sha magani, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Alamomin da ba a jira da su

A garzaya asibiti mafi kusa, ko tsakar dare ne, in harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dishe, numfashi ya yi wuya, ko jiri da suma da amai suka biyo bayan allura, abinci ko harbin zuma. Maganin wannan allurar adirinalin ce a tsokar cinya, Piriton ba ya tare shi. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya matsa a bar shi a zaune.

A zo da wuri kuma in kumburi ɗaya ya wuce awa 24, yana zafi maimakon ƙaiƙayi, yana barin baƙin tabo, ko yana tare da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Haka in fata ta ɗuri ruwa, baki da ido suka yi gyambo bayan shan magani. Mai shan lisinofiril don hawan jini da leɓensa ya kumbura ba tare da ƙaiƙayi ba, ya dakatar da shi ya ga likita a ranar, domin wannan illa ta fi samun baƙar fata.

Borin jini mai daɗewa yana gajiyar da mutum, yana hana barci, amma akasari yakan lafa da kansa cikin shekara 1 zuwa 5, wasu ya fi haka. Kafin nan, ana iya rayuwa da shi cikin sauƙi. Ranar zuwa asibiti a taho da littafin, da hotunan, da kwalin duk maganin da ake sha. Da waɗannan uku, aikin minti 10 zai fi na allura 10.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.