Darasi Na 14: Daga Kura Zuwa Tiga Da Rano

Jama'a, baƙi su kan taso daga nesa, su biya kuɗin mota, don su ga abubuwan da ke ƙasarmu. Mu kuwa da ke zaune kusa, da yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba. To, yau za mu zaga ƙasar. Tafiyar yini guda ce a mota.

Mu fara daga Kura. Tun ba a san Kura da shinkafa ba, da rini aka san ta. Marina su kan yi ta tsoma zane a baba har ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan mabuga su buga shi da shuni har ya yi ƙyalli. Shi ne turkuɗi, wanda a ke kira ɗan Kura. Fatake su kan kai shi har Agadas, Buzaye su yi rawani da shi. Yau marina sun ragu ƙwarai. In aka cike karofi aka yi gini a kansa, shi ke nan, jikokinmu ba za su san inda ya ke ba.

Sai mu bi hanyar Zariya, mu nufi kudu. Ko da rani tsaka, dama da hagu kore shar: alkama, tumatir, albasa. Mu wuce Kadawa, mu ratse zuwa Bagauda. Tafkin nan sunan sarkin Kano na farko ya ci, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya hau a 999. Masaukin baƙi da ke bakinsa ya zama makarantar horon lauyoyi.

Bebeji na nan kusa. A 1903 sojan Turawa sun fasa ƙofarta da igwa, kwana biyu kafin su ci Kano.

Ga mu a Tiga. Nan ya kamata kowane manomi ya daɗe. An fara madatsar a 1971, aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kogin Kano aka tare da tarin ƙasa da duwatsu, tsawonsa kusan mil 4. Sai da aka tashi ƙauyuka kafin ruwa ya kwanta a wurin. In mutum ya tsaya bisa madatsar, ba ya hango ƙarshen ruwan. Ku lura da abu guda: babu injin da ke tura ruwan nan zuwa gonakinmu. Tiga ta fi Kura da Bunkure tudu, saboda haka ruwa da kansa ya ke gangarowa ta babbar hanyar ruwa. Shi ya sa in kacalla ko shara ta toshe hanya a sama, na ƙasa ne ke kwana da ƙishirwa.

Daga Tiga mu bi ta Rurum, cikin manyan duwatsu, mu isa Rano. A ganinmu wannan yanki ya fi ko'ina kyau, balle da kaka. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ana mata kirari da Autan Bawo. Ita da Kano aka ce su ne sarakunan baba. Kun ga ashe rinin Kura yana da asali.

Daga Rano sai Bunkure, sai gida.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan Tiga ke isowa gonarka ba da inji ba?
2. Su wa ke sayen ɗan Kura?
3. Tambayi dattijon unguwarku inda karofi ko ganuwar garinku ta ke. Rubuta abin da ya faɗa, ka kawo aji.