Wasiƙa Ga Uwata, Wadda Ta Yi Fushi Da Sikeli

Uwata,

 Tun ranar sunan nan da muka haɗu maganarki take cina a rai. Ina kallonki lokacin da aka ajiye miki waina da miyar taushe, kika ture farantin gefe kika ce kin ƙoshi, alhali tun hantsi kike ɗawainiya da baƙi. Da na ja ki ɗaki kika ce mini wata huɗu ke nan kin bar farar shinkafa, kin koma tuwon alkama da kwaɗon zogale, kullum bayan sallar asuba kina zagaye unguwa, amma sikeli daga kilo 92 ya sauko 90 ya tsaya cak. Kika ce kin gaji, gara ki koma cin abinki. Hayaniyar 'yan suna ba ta bar ni na ba ki amsa ba, shi ya sa na ɗauki biro. Sunan mahaifiyata kika ci, ba zan ga hawayenki a kan kilo biyu in yi shiru ba.

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin jinya, kuma maganar da na fi ji daga bakin mata masu jiki ita ce, "Wallahi Sista ba na cin komai." Ban taɓa ɗaukar mai faɗin haka maƙaryaciya ba, don na san ido yana yaudarar mai shi. A shekarar 1992 wasu likitoci a birnin New York suka tara mutanen da suka haƙiƙance cewa ɗan kaɗan suke ci amma ƙiba ta ƙi barinsu. Da aka auna komai da kayan bincike, sai aka tarar abin da suke lissafawa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suke cewa sun yi kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba su yi niyyar ha'inci ba. Mutum yana tuna tuwon da ya zauna ya ci, ya manta lomar da ya kai baki a tsaye.

To, mu shiga madafinki, don na san shi. Kalori dai shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, abin da jiki bai ƙona ba kuma sai ya ajiye shi kitse. Gram ɗaya na sitacin da ke cikin tuwo ko na furotin kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, man gyaɗa ne, manja ne, ko man zaitun ɗin da ake kawo mana tsaraba daga Makka. Ludayin nan da kike kwarara mai da shi in za ki soya jajjage, ki ɗauko cokali wata rana ki ƙirga nawa yake ci. Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne. Ke nan a lissafin takarda, rarar cokali ɗaya a kullum ya isa ya tara miki kusan kilo guda a wata biyu, ba tare da kin ƙara ko loma ba.

Tuwon alkamar da kika koma, na yaba miki, don dusarta tana da amfani ga hanji kuma yana daɗewa a ciki. Amma garin alkama da shinkafa da masara duk kusan kunnen doki suke a wajen kalori. Malmala biyu ta alkama malmala biyu ce. Haka kwaɗo: ganyen zogale da na rama ba su da nauyin komai, amma in kika zuba musu ƙuli-ƙuli har ganyen ya ɓace, kika bi da mai, to kwaɗon rama ba zai kawo miki rama ba. Gyaɗar da ake ɗan taunawa ana hira, gram 100, wato kusan cikin ɗan gwangwanin madara, ta haura kalori 550. Abinci ne mai kyau, ban ce ki bar shi ba. Kyawun abinci daban, yawansa daban, kuma jiki da duka biyun yake aiki.

Abin sha ya fi ba ni tsoro, domin ruwa ba ya gaya wa ciki cewa an ci. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar cokali goma sha biyu a yini, in ma zai iya ya tsaya a shida. Na san za ki ce kin bar lemon kwalba. Zoɓon da kike haɗawa fa, da kunun aya, da furar da ake dama wa maigida ke ma ki ɗan kurɓa? Zumar da kika maye gurbin suga da ita a shayi, cokalinta ma ya ɗan fi na suga kalori. Sai kuma abin da babu uwar da ke sa shi a lissafi: ɗanɗanon miya sau uku kafin a sauke, ƙanzon gindin tukunya, da ragowar taliyar yara da kike cinyewa wai kada a yi almubazzaranci. Ni ma na yi, shekara da shekaru. Ki rufe ragowar ki ba mai buƙata, ga almajirai nan a ƙofar gida.

Yanzu zancen tafiya. Rabin awa na tafiya da sauri, ga mai nauyi irin naki, abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 zuwa 200 ba, wato kwalbar lemo ɗaya da 'yan kai. Mafi yawan abin da jiki ke ƙonawa, kusan kashi biyu cikin uku, yana tafiya ne a aikin da ba kya gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Akwai wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, da ya je ƙasar Tanzaniya wajen mutanen Hadza, waɗanda ke rayuwa da farauta da tonon saiwoyi, suna yini a ƙafa. Sakamakon da ya fitar a 2012 ya ba masana mamaki: in aka yi la'akari da girman jiki, abin da mutumin Hadza ke ƙonawa a yini kusan daidai yake da na mai zaman ofis a Turai ko Amurka. Jiki tamkar uwargida mai tattali ne, in an kashe da yawa a nan sai ta rage a can. Ga shi kuma wanda ya yi tattaki da safe yakan dawo da yunwa, ya kuma ji ya cancanci kwanciya har azahar.

Tattalin nan na jiki yana ƙaruwa ne da zarar ya ga kin fara raguwa. Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da tsoron yunwa, kakanninmu kuwa sun san fari. Jiki bai san kina so ki shiga ɗinkin bara ba, gani yake rumbu na raguwa, sai ya ƙara miki jin yunwa ya rage wutar da yake ƙonawa. A Amurka an yi wata gasar talabijin ta rage ƙiba mai suna The Biggest Loser, inda ake gallaza wa mutane yunwa da atisaye. Masu bincike suka bi sawun mutum 14 daga cikinsu, kuma a 2016 suka bayyana cewa bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na ƙibar, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 a yini ƙasa da yadda ya kamata. Wannan ne ya sa ture farantin nan da kika yi bai burge ni ba. Wadda ta yini da yunwa, da dare za ta rama, kuma da riba. Da kin ci waina biyu da miya kin sha ruwa, da ya fi.

Kada ki ce to me ye amfanin tafiyar. Amfaninta yana inda sikeli ba ya leƙawa. Kakarki, mai sunanki, ciwon suga ne ya ci ƙafarta, babanki kuma ga shi yana shan maganin hawan jini. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, a kan mutanen da suga ke dab da kama su, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan tafiyar minti 150 a mako da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Kashi 7 na 92 bai kai kilo shida da rabi ba. Kin riga kin ci biyu. Ke kina hangen ranar da za ki koma jikin 'yammatanci, ni kuwa huɗun nan da rabi da suka rage nake hange. Ki ƙara wa tafiyar ɗan aikin ƙarfi sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne a kan kujera, ko ɗaga galan na ruwa, domin tsoka ita ce ke shanye suga daga jini, kuma shekaru suna zaizaye ta.

Barcinki ma ina da magana a kansa. Ina ganin saƙonki a WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare, ga shi kina tashi kafin asuba. Wanda bai sami barci ba, sinadarin da ke kiran yunwa yana hawa a jininsa, wanda ke cewa an ƙoshi yana sauka, kuma washegari ba kabeji zai yi marmari ba, fanke zai nema. Ki nemi awa bakwai, in dare bai ba ki ba ki cike da ƙailula.

Ruwa dai ba ya tsami banza, don haka ina so ki ga likita. Kin ce mini kasala ta yi miki yawa kuma al'adarki tana wasa. Ki nemi a yi miki gwajin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, wadda likitoci ke kira tayiroid, don in ta yi sanyin aiki nauyi kan ƙaru, ga sanyi ga mutuwar jiki. A duba mahaifa da ƙwayayenta, a auna suga. Ki tafi da duk maganin da kike sha a leda, har na gargajiya. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku takan ƙara wa wasu mata nauyi, haka ma magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda 'yammata ke haɗawa da sunan sha-ka-fashe, wasu kuma ake cusa musu a maganin ciwon gaɓoɓi ba su sani ba. Kada ki tsayar da komai da kanki, ki bari likita ya ce.

Shi kuwa sikelin, ki daina hawansa safe da yamma. Miya mai yawan gishiri da dunƙule, ko gabatowar al'ada, ko rashin zagayawa, kowanne yana iya ɗora miki kilo ɗaya ko biyu waɗanda ba na kitse ba, ya sauke bayan kwana biyu. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karyawa. Ga awon da na fi yarda da shi: ki sami zare, ki auna tsawonki daga ƙasa zuwa tsakar ka, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi daidai saman cibiya. Ranar da bakin zaren biyu suka haɗu, kin fita daga inda ake tsoro, don kitsen ciki shi ne mai jawo ciwo, ya fi na cinya da mazaunai illa nesa ba kusa ba.

Bari in tona wa kaina asiri. Bayan na yaye autana, wata abokiyar aiki ta kawo mini shayin rage tumbi. Ni da nake ma'aikaciyar lafiya na sha. Kwana uku ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, sikeli ya nuna na rage kilo biyu, na yi ta murna, mako bai zagayo ba suka dawo. Filasko ne a ciki, ruwan jikina kawai ya kwashe. Wasu ma ba su tsaya nan ba, an sha kama masu zuba wani sinadari da ake kira sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana taɓa zuciya. Sabbin allurai irin su Ozempic da kike ji a bakin mata suna aiki, ba zan ɓoye miki ba, amma magani ne na hannun likita, ga tsada, akwai na jabu, kuma yawancin waɗanda suka daina nauyin yana dawo musu.

A zamaninmu in amarya ta shekara ba ta yi kumatu ba, sai dangi su fara tambaya ko mijin ba ya cefane. Yau kuma bakin da ya ce kin yi ƙiba, shi ne gobe zai ce lafiya kuwa kika zube haka. Ki bar su da bakinsu. Ki sami farantinki ke kaɗai, matsakaici, ki daina sa hannu a tiren taro inda ba a sanin iyaka. Rabinsa ganye, sauran rabin ki raba tsakanin tuwo da wake ko kifi ko ƙwai, ki ci a zaune, a natse, ki tashi da sauran wuri kamar yadda aka koya mana raba ciki uku tun muna Islamiyya. Man miya kuma da cokali, ba da ludayi ba.

Na sa miki ƙaramin littafi a cikin ambulan ɗin nan. Mako biyu ki rubuta duk abin da ya wuce maƙogwaronki, har ƙanzo, har kurɓin fura, kada ki ji kunyata. Ranar Juma'a ta sama in Allah Ya kai mu ki zo mini da shi, da takardar gwajin asibiti, da zarenki. Zan yi mana dambun zogale, ni zan zuba man.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran.

Taki,
Goggo