Wasan Yana Daskarewa, Amma Ba Kullum Ba

Tambaya: Malam, na harhaɗa direban Mesa da kaina a Linux saboda katin hotona na AMD. Wani wasa yakan daskare yau, gobe ya tafi lafiya lau. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ciwon da ke zuwa yana tafiya haka yana iya zama na zaren aiki (threads). Ko dai zare biyu suna rige-rigen taɓa wuri ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko kuma kowanne ya riƙe makulli yana jiran wanda ke hannun ɗan'uwansa, shi ke nan aiki ya tsaya cak. Daskarewa ta fi kama da na biyun.

Fara da mai sauƙi. Kunna wasan da mesa_glthread=false, wanda ke kashe zaren da Mesa ke miƙa wa umarnin OpenGL. Idan ya daina, ka san unguwar da ɓarawon yake.

Idan ya sake daskarewa, kada ka yi saurin kashe shi, nan ne mutane da yawa ke zubar da shaida. Maƙala masa gdb, ka rubuta thread apply all bt, za ka ga inda kowane zare ya tsaya. Sai dai ka harhaɗa Mesa da Meson a yanayin debug tukuna, kuma ka girka shi a wata jaka daban, kada ka danne direban da tsarinka ke tashi da shi.

In wasan ba ya daskarewa da tsohuwar sigar Mesa, git bisect zai nuna maka canjin da ya jawo. Haɗa duk wannan ka kai rahoto ga masu Mesa a GitLab na freedesktop.org, tare da sunan katinka.