Dalilin Da Ya Sa Nailan Ke Rasa Daraja In An Sake Narka Shi

Daga cikin tarkacen da 'yan gwangwan ke tarawa a wajajen Dilimi da Katako a Jos, akwai wata roba mai tauri da ake cirowa daga murfin lagireto da wasu sassan injin mota. Wannan ita ce nailan ta ainihi, kuma ba ta da dangantaka da ledar zuba kaya wadda mutanen Kudu ke kira da wannan suna.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Nailan 66, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, yana narkewa a wajen digiri 260 na ma'aunin Salshiyos. Nailan 6, wanda aka samar a Jamus a 1938, yana narkewa tun daga digiri 220. Idan aka zuba su tare cikin inji guda, ɗayan kan riga ɗayan narkewa.

To amma babban abokin gabar nailan shi ne danshi. Ƙarfinsa ya dogara ne ga dogayen sarƙoƙin sinadari da ke cikinsa, kuma yakan tsotsi ruwa daga iska fiye da akasarin robobi. Da zarar an ɗora shi kan zafi alhali yana da laima, ruwan sai ya tsinka sarƙoƙin nan. Kayan na iya fitowa sumul a ido, amma su karye tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa masana'antu ke busar da shi na sa'o'i a wajen digiri 80, har ruwan ya sauka ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari. A Jos, inda damina kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, buhun da ya kwana a fili ya riga ya rage kuɗi, ko da kuwa nauyinsa ya ƙaru a sikeli.

Iska ma na da nata: tana sa shi ya yi rawaya. Nailan 66 kuwa, in ya daɗe cikin inji mai zafi, yakan daskare ya toshe hanya, aiki ya tsaya.

Saboda haka ne masu sarrafawa kan gauraya tsohon da sabo, su biya tsohon da araha. Kamfanin Aquafil na Italiya ya bi wata hanyar tun 2011, inda yake mayar da tsofaffin komar kamun kifi da kafet zuwa sinadarinsu na asali. Wannan na bukatar jari mai yawa. Abin da ƙaramin dillali a Jos zai iya yi yau shi ne ya ware irin, ya wanke maiƙon inji, ya kuma ajiye kayansa ƙarƙashin rufi.