Darasin Wata: Jaraba A Bakin Rumbu

Abin karantawa: Matiyu 4:1-11

'Yan'uwa manoma, a watan Agusta ne hatsin gida yakan ƙare, gero kuma bai nuna ba. A lokacin nan ne Shaiɗan yakan ziyarci ma'ajin da makullin rumbun ƙungiya yake hannunsa. Ba ya ce masa ya yi sata. Cewa yake, "Ɗebi tiya biyar kawai, da kaka ka mayar. Wa zai sani?" Haka yake raɗa wa wani ya sayar da takin da ƙungiya ta ba shi bashi, wani kuma ya zuba yashi cikin buhun gyaɗa.

Ubangijinmu Yesu ya san wannan gwaji. Ya yi azumi kwana 40 a jeji, yana jin yunwa ƙwarai, sai Iblis ya ce ya mai da duwatsu gurasa. Yana da ikon yin haka, amma ya ƙi, gama ya dogara ga Ubansa. Da Iblis ya tafi, mala'iku suka zo suka yi masa hidima. Taimako ya zo, amma ta hanyar Allah.

Tushen jarabar nan tsoro ne. Zuciya tana cewa Allah ba zai ciyar da mu gobe ba. A Fitowa sura 16, waɗanda suka ɓoye manna saboda tsoron gobe sun tarar ta yi tsutsa da safe. Haka abin da aka ɗiba a ɓoye yake: tiya biyar takan cinye amincin ƙungiya duka.

Manzo Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa 10:13 cewa Allah ba zai bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu ba, yakan kuma buɗe mafita. Sau da yawa mafitar ita ce 'yan'uwa. In gidanka babu abinci, faɗa wa shugabanni a fili, a auna maka, a rubuta cikin littafi. Roƙo ba kunya ba ne. Kada mutum ɗaya ya buɗe rumbu shi kaɗai, a sa kwaɗo biyu, makulli a hannu biyu.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Wace jaraba ce ta fi damun ƙungiyarku da damina?
2. Yaya za ku taimaki ɗan'uwan da ya faɗi, ya kuma tuba?

Ku rufe taro da addu'a domin ma'ajinku.