Sharar kasuwa, abincin lambu

Yara, ku buɗe taswirar Afirka, ku nemi ƙasar Sudan, gabas da Cadi. Ku sa yatsa inda koguna biyu suka haɗu, Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Nan ne birnin Hartum. A ƙetaren ruwa, ta yamma, ga Umdurman mai babbar kasuwa. Akwai Hausawa da yawa a Sudan. Kakanninsu sun bi hanyar Makka da ƙafa, wasu suka zauna can.

Ruwan sama kaɗan ne a wannan wuri. Bai cika kai milimita 200 a shekara ba, ko rabin na Maraɗi bai yi ba. Saboda haka a bakin kogi ake noma. Tsibirin Tuti, da ke tsakiyar ruwa, ya yi suna wajen kayan lambu da lemun tsami. Yaƙin da ya ɓarke cikin watan Afrilu na 2023 ya raba mutane da yawa da gonakinsu. Duk wanda ya koma lambunsa kuwa, taki zai fara nema.

To, ina zai samo shi? Takin zamani da tsada. Kashin shanu ma yana da wasu masu so: masu yin jan bulo a bakin Nilu suna kwaɓa shi da laka kafin su gasa, don haka suna sayensa. Amma akwai abin da kowa ke zubarwa: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon kankana, ganyen albasa, ganyen bishiya da aka share. Wannan shara abincin ƙasa ce.

Mutanen Kano sun daɗe da sanin haka. A zamanin kakanni, jakuna ne ke fita daga birni da mangala cike da taki, suna kai shi gonakin karkara.

Ga yadda ake mai da shara taki. A fara tsince leda, da kwalba, da batir, domin su ba sa ruɓewa. A gina rami a inuwa. A shimfiɗa busasshen kara a ƙasa, a zuba ɗanyen ganye bisa, sai ɗan kashin dabba da ɗan toka. A yayyafa ruwa, a sake jerawa haka har ramin ya cika. Ruwan kada ya yi yawa: in ka damƙi takin, ya jiƙa maka hannu, amma kada ya ɗiga. Bayan mako guda a soka sanda a tsakiya, a bar ta jim kaɗan. In ta fito da zafi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sun kama aiki. Duk mako biyu a juya. Cikin wata biyu ko uku takin ya nuna. Ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko. Da Faransanci sunansa « compost ».

Wa zai saya? Mai lambu, da mai rainon ƴan itatuwa, da mai furanni a gida. Sai dai mai saye ba wawa ba ne. In ya tarar da leda cikin buhu, ko takin bai nuna ba ya ƙona masa dashe, ba zai sake dawowa ba. Shi ya sa ake tankaɗe taki kafin a ɗura shi a buhu. Na sha ganin ramin taki na makaranta ya lalace, don kawai an tafi hutu ba a bar mai ba shi ruwa ba.

Busasshen ganye da kara kuwa ba dole sai sun shiga rami ba. Ana iya lulluɓe gindin shuka da su, wato « paillage ». Rana ba ta shanye laima da wuri, ciyawa ba ta tsiro da yawa. A ƙasar Nijar manoma na baza karan hatsi bisa faƙo. Gara ta zo ci, ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga.

Tambayoyi
1. Don me ake noma a bakin kogi a Umdurman?
2. Su wa ke sayen kashin shanu ban da manoma?
3. Yaya ake gane taki ya nuna?

Aiki: ku lulluɓe gindin shuka ɗaya da busasshen ganye, ku bar ɗaya haka nan. Ku ba su ruwa daidai da safe. Da la'asar ku tona gindin kowace da yatsa, ku rubuta abin da kuka ji.